"Daidai ruwa daidai tsaki": ta hau kan kuɗin hanya na kilomita kuwa?

Malamin Hausa: Assalamu alaikum. Na ji wani ya ɗauko "daidai ruwa daidai tsaki" ya ɗora ta kan tsarin da Jamus ta fara a 2005, inda manyan motocin kaya ke biyan kuɗin hanya gwargwadon kilomitar da suka ci, wata na'ura a cikin motar tana lissafi ta tauraron ɗan'adam. Wai na nesa ya biya da yawa, na kusa ya biya kaɗan. Ya ajiye ta a muhallinta kuwa?

Uwargida: Wa alaikumus salam, Malam. Ni a bakin iyayenmu na san ta, kuma ba a kan ciniki ba. In za a aurar da yarinya aka ce a yi daidai ruwa daidai tsaki, ana nufin kada uba ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa. Magana ce ta gwargwadon hali. Mai doguwar tafiya kuwa ba lalle shi ne mai hali ba; sau da yawa wanda ke nesa da kasuwa shi ne talaka.

Injiniya: Hajiya, ai tushenta awo ne: ruwa ya yi yawa kunu ya tsinke, tsaki ya yi yawa ya ƙi damuwa. Ta hau, amma wanda ya kawo ta ya auna rabi ya bar rabi. Nauyi ya fi nisa cin kwalta. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in ka ninka nauyin da ke kan tayoyi sau biyu, ɓarnar da ake yi wa titi tana ninkuwa kusan sau 16. Shi ya sa tun 2001 Suwizalan ke haɗa abu uku a lissafinta: kilomita, tan nawa aka amince motar ta ɗauka, da irin hayaƙinta. Duk motar kaya da ta haura tan 3.5 tana biya, a kowace hanya.

Tsohon Direba: Injiniya, ranka ya daɗe, ku kullum tirela kuke gani. Ni karin maganar da zan kawo ita ce "kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski." A nan Najeriya mun biya a tolget shekara da shekaru kafin a rushe su zamanin Obasanjo, ramukan nan dai da su muke kwana. Taya ta fashe, sifirin ya karye, duk a wuyan mai mota. A nuna mini askin tukuna.

Injiniya: Baba, ban ƙi taka ba, ta ma fi dacewa da gwamnati. Suwizalan ta yi askin a idon kowa. Kashi biyu bisa uku na kuɗin na zuwa gwamnatin tarayya, mafi yawansa kuma layin dogo ake yi da shi. Da taimakonsa aka haƙa ramin jirgin ƙasa na Gotthard, kilomita 57 a ƙarƙashin dutse, aka buɗe a 2016. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake cewa jirgi ya fi mota tsada. Ana lissafa wa jirgi kuɗin dogonsa, da gada, da tasha, da gyara. Tirela kuwa man ta da direbanta kawai ake lissafawa, titin da ta farfasa a bar wa baitulmali. Ba awo ɗaya aka yi musu ba.

Uwargida: To ai ka fita daga tawa ka faɗa "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Titi ne kurar.

Malamin Hausa: Ko kuma mai biyan haraji, Hajiya, tunda shi ke gyarawa.

Tsohon Direba: Ku dai tuna jirgi ba ya kai buhu ƙofar shago. Ko an gama layin Kano zuwa Maraɗi, daga tasha zuwa Dawanau mu za a nema. Duk abin da aka ɗora wa tirela kuma, a kan kwanon masara zai sauka.

Uwargida: Nan ne fa damuwata, Baba. Injiniya, wa zai auna wannan?