Mahaifina ya ƙone a tafin ƙafa bayan sallar Juma'a, kuma bai ji zafi ba

Ɗan Malam, Gusau:
Assalamu alaikum. Ranar Juma'ar da ta wuce mahaifina ya fito daga masallaci bai tarar da takalminsa ba, sai ya tako kwalta ƙafa ba takalmi har gida, tafiyar da ba ta fi minti biyar ba. Bai yi kukan komai ba, sai da magariba ya zo alwala muka ga tafin ƙafafunsa biyu ya tashi ya ɗuri ruwa. Shekararsa goma sha ɗaya da ciwon sukari, kuma bana muke sa ran zai sauke farali. Ta yaya kwalta za ta ƙona mutum haka bai sani ba, kuma me ya kamata mu yi?

Ma'aikaciyar jinya, Sakkwato:
Wa alaikumus salam. Malam, ku kai Baba asibiti yau ɗin nan, kada ku jira ku ga yadda abin zai kasance. Ciwon sukari idan ya daɗe yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ya taka abin da mai lafiya ba zai jure taku uku a kansa ba. Yana kuma rage gudun jini zuwa ƙafa, don haka ƙunar da za ta warke cikin mako biyu a jikin wani tana iya zama gyambo a jikinsa, kuma irin wannan gyambon ne kan kai ga yanke yatsa ko ƙafa. Kada ku fasa ruwan, kada ku shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja. Da a ce an gani nan take, ruwa mai sanyi na minti 20 ake kwarara wa wurin, ba ƙanƙara ba.

Malamin kimiyya, Maiduguri:
Zafin da ake faɗa a rediyo na iska ne, kuma a inuwa ake auna shi. Idan an ce digiri 43 a Afrilu, baƙar kwalta da ta wuni tana shan rana takan haura 60 da azahar, alhali fatar mutum tana fara lalacewa tun daga digiri 44 idan ta daɗe a kai, a digiri 60 kuwa daƙiƙu kaɗan sun isa. A birnin Finiks na jihar Arizona ta Amurka, inda aka yi kwana 31 a jere zafi yana kaiwa digiri 43 ko fiye a shekarar 2023, an yi ta kwantar da mutanen da faɗuwa kawai suka yi a kan titi suka ƙone.

Dattijon Ƙauye:
Mu dai ba takalmi muka tashi, muna kiwo cikin garjin rana, kuma ba mu ƙone ba.

Ma'aikaciyar jinya, Sakkwato:
Gaskiya ne, Baba, amma ku ƙasa kuke takawa da ƙafa mai kanta, kuma da zarar rairayi ya yi muku zafi sai ku ruga gindin bishiya. Wannan gargaɗin ne mai ciwon sukari ya rasa.

Alhaji Mai Shayi, Damagaram:
Ɗana, zan yi magana a kan hajjin, domin na je a 2024, shekarar da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, aka rasa alhazai fiye da 1,300. Farin dutsen da aka shimfiɗa a wurin ɗawafi, wanda ake kawowa daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, ba ya ɗaukar zafi ko da rana tsaka, kuma shi ne ke yaudarar mutane har su ɗauka ko'ina haka yake. Hanyoyin Mina da Arfa da ta zuwa jifan Shaiɗan kwalta ce, kuma da idona na ga waɗanda silifas ɗinsu ya tsinke a cikin cunkoso suna ɗaure ƙafa da kwali. Harami bai hana namiji sa takalmi buɗaɗɗe ba. Ka saya masa mai kaurin ƙasa da maɗauri a dunduniya, ya saba da shi tun a gida, ka kuma ɗinka masa 'yar jakar rataye da zai riƙa zuba shi ciki idan zai shiga masallaci, tare da wani na ko-ta-kwana.

Ɗan Malam, Gusau:
Na gode ƙwarai. Mun je, an wanke an naɗe, an kuma ce mu koma jibi a sake dubawa.