Neman shawara: enzayim na cire gashin fata zan riƙe, ko tsaftace ruwan majema?

Ɗan Majema:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne mai digiri na biyu a fannin ƙananan halittu a nan Sakkwato, kuma gidanmu gidan jima ne, da bagaruwa muke jima, da kuɗin fata aka yi min karatu. Taken binciken da muka tsayar da malamina ya haɗa abu biyu. Na farko, a samo bakteriya mai fitar da enzayim, wato sinadarin da ke narkar da furotin, a cire gashin fatar akuya da shi maimakon toka da ragowar kabayid ɗin masu walda da ake amfani da su a gida. Na biyu, ita wannan bakteriyar a zuba ta a ruwan da ke fita daga majema ta tsaftace shi, har ta rage kuromiyom, ƙarfen da ake jima da shi a masana'antu.

A takarda abin gwanin sha'awa. Da na zauna na yi lissafi sai jikina ya yi sanyi. Zango ɗaya ya rage min, kuɗin kayan aiki daga aljihuna zai fito, wuta kuma kun san halin da ake ciki. Zuciyata ta fi karkata ga ruwan, domin duk damina sai maƙwabta sun kawo ƙorafin wari da baƙin ruwan da ke bin kwata, kuma gaskiya ce gare su. Don Allah wanne ya kamata in riƙe? Sannan na yi niyyar ɗebo ƙasa daga bakin ramin da ake jiƙa fata in nemi bakteriyar a ciki, ko akwai inda ya fi?

Likitan Dabbobi:

Wa alaikumus salam. Tun kafin a je ga zaɓi, kada ka taɓa ƙasar bakin ramin nan. Hanyar da ake ware Bacillus, dangin bakteriyar da kake nema, ita ce a ɗumama samfur a digiri 80 na minti 10, sauran su mutu, masu sulke, wato masu ƙulle kansu cikin ɓawo mai jure zafi, su rage. To mai kawo ciwon saifa, Bacillus anthracis, shi ma mai sulke ne, yana yin shekaru da dama a ƙasa, kuma ɗanyar fata na cikin manyan hanyoyin da yake kama mutane. A watan Yulin 2023 aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja. Ban ce yana ramin gidanku ba, amma fatun da ke shigowa kasuwa ba ka san dabbar da aka yanka da wadda ta mutu ba. In ka yi wannan ɗumamen a ɗakin gwajin ɗalibai, kai da kanka ka share masa fili. Ka nemi wani wurin.

Malamar Lab:

Dokta ya riga ni. Ƙanena, abin da kake nema yana cikin kicin ɗin Innarku. Daddawa. Wanda ke ruɓar da kalwa har ta zama daddawa galibi Bacillus subtilis ne da danginsa, kuma aikin da yake yi ke nan, ya fitar da furotiyes, wato enzayim ɗin da kake nema, ya farfasa furotin ɗin kalwar. Warin nan mai hawa kai amoniya ce, shi ya sa daddawa ba ta yin tsami, ma'aunin pH ɗinta, mai nuna tsami ko kaifi, sama yake yi har ya wuce 8. Cire gashin fata kuwa a irin wannan yanayin ake son sa. Ka ga ka samu bakteriyar da ta saba da wurin tun asali, kuma abu ne da mutane ke ci.

Ka sayo daddawa daga hannun mata daban-daban, wadda ba ta daɗe da fitowa daga rufi ba. Ka dama kaɗan a ruwan gishiri mai tsabta, ka yi ɗumamen da Dokta ya ambata, ka shafa a faranti mai agar, wato daskararren abin da ake renon bakteriya a kai, da madarar gari marar mai, pH wajen 9. Bayan kwana ɗaya a digiri 37 ka ɗaga farantin ka duba ta haske. Duk ɗigon da ya yi wa kansa zobe garau, madarar ta washe a kewayensa, shi ne naka. Ka auna faɗin zoben da na ɗigon, ka zaɓi uku ko huɗu da suka fi. Sai dai ka tantance su da kyau, domin Bacillus cereus mai ɓata ciki yakan laɓe a cikin irin waɗannan abinci.

Wajen yawaita shi, ka manta da injin girgiza kwalba tunda wuta ba tabbas. Ka yi a kan dusa. Dusar alkama ko ta shinkafa, ka ƙara ɗan garin ƙuliƙuli saboda furotin, ka yayyafa ruwa har in ka dunƙula ta dunƙulu amma ba ta ɗiga ba. Tukunyar furesha ta girki tana kai digiri 121, minti 15 zuwa 20 ya kashe abin da ke ciki. In ta huce ka zuba irin, ka baza a tire, kada kaurin ya wuce yatsu biyu. Wannan kaurin shi ke kayar da ɗalibai, saboda dusar da kanta take yin zafi, in ta yi tudu tsakiyar ta dahu, gefen ya bushe. Kwana biyu zuwa uku ka wanke da ruwa, ka tace da ƙyalle. Wannan ruwan tatar shi ne enzayim ɗinka, ba sai ka tsarkake shi ba in don fata ne.

Amsar tambayarka kuma: riƙi enzayim. Ba a tauna taura biyu lokaci guda.

Tsohon Ma'aikacin Fata, Kano:

Ɗana, tambaya ɗaya. Kuromiyom ɗin daga ina zai fito? Ka ce da bagaruwa kuke jima, ko na fahimta ba daidai ba? Mai jima da bagaruwa ba ya zuba kuromiyom, don haka babu shi a ruwanku sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wannan matsalar manyan masana'antu ce irin na Challawa da Sharaɗa, inda ake yin shuɗiyar fata, wato wadda aka jeme da kuromiyom. In ka dage, sai dai ka riƙa jigilar jarka daga Kano, ka ga binciken ya bar gidanku ke nan.

Kuma a daina cewa bakteriya na cinye kuromiyom. Ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Iyakarta ta juya shi daga nau'i na 6, mai jawo ciwon daji, zuwa nau'i na 3 mai sauƙin illa wanda ke kwantawa a ƙasan ruwa, ko ya maƙale a jikinta. Laka ce za ta rage maka, mai ɗauke da shi, kuma dole ka san inda za ka kai ta. Ku tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara sama da 400. Kankare ƙasar gidajen aka yi aka kwashe, aka zubo sabuwa. Ka je ka samu malaminka cikin ladabi a cire wannan kalmar daga taken.

Injiniyan Ruwa:

Ni dai ban goyi bayan a watsar da ruwan gaba ɗaya ba. Yaron nan ya faɗa muku abin da ke damun unguwarsu, kun ba shi abin da ya fi sauƙin yi a lab. Ko ya yi nasara gobe, majema nawa za su bar toka? Toka kyauta ce. Ruwan kuwa yau ma yana gangara.

Abin da zan gaya maka, Malam, ruwan majema ba iri ɗaya ba ne, kuma kuskuren shi ne haɗe shi a rami guda. Akwai ruwan jiƙo na farko mai gishiri da jini da datti. Akwai na toka, mai kaifi, cike da gashi da maiƙo, shi ne uban wari. Akwai na bagaruwa, baƙi. Na bagaruwar nan tanin ne a ciki, aikinsa kama furotin ya ƙulle shi, shi ya sa yake jeme fata. Enzayim kuwa shi ma furotin ne. Ka zuba naka a ciki ka gani, nan take zai mutu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka bakteriya ɗaya ba za ta yi aikin biyu ba. Mai farfasa tanin daban ne, an fi samun sa a wajen naman gwari irin Aspergillus niger.

Ba ka buƙatar wata bakteriya ta musamman don rage warin. Raga a bakin magudana ta tare gashi, rami na farko inda laka za ta kwanta, na biyu marar zurfi inda rana da iska za su yi aiki, sannan ruwan ya ratsa tsakuwa da aka shuka kachala. Ƙwayoyin da ke wurin su za su yi abin da ya rage. Gishiri ne kawai babu mai cinye shi, kuma shi ne zai kashe ƙasar mai albasa in ya kai fadama. A kakkaɓe shi daga fatar tun kafin a jiƙa.

Malamar Lab:

Injiniya, ai ba mu saɓa ba. In gashin ya fita ɗungurungum aka tsame shi, bai narke a ruwa ba, an rage dattin tun daga tushe. Sai ya auna BOD da COD, wato ma'aunan yawan dattin ruwa, da pH na ruwan toka da na ruwan enzayim ya kwatanta. Babi guda ke nan, kuma ɓangaren muhalli bai fita daga aikin ba. Ramukan naka kuma ya yi su a gida don Allah da maƙwabtaka, ba don maki ba.

Jikan Baba:

Na karanta wa kakana duka, shi ma majemi ne, ya ce in rubuta yadda ya faɗa:

"Ka gai da yaron ga, ka ce mishi Allah shi yi albarka. Na ji abin da sunka ce. Mu abin da munka sani, cire gashi ba shi ne wuya ba, kowane ruɓa na cire gashi. Ka bar hwata cikin ruwa kwana ukku da bazara, da hannu za ka shahe shi. Amma huskar ta tahi. Hwatar jar akuya don huskarta aka sayenta, in ta yi taabo ko ta saki, baduku na shafawa sau guda shi aje maka abinka. In an sa karan dahi, duk inda ta ci sai jan ya nuna. Shi kawo hwatar da ya jeme da maganin nai, in ja ta, in naɗe ta, in shinshina. Sannan toka tana kumbura hwata ta buɗe, bagaruwa ta samu hanyar shiga. Nashi na yin haka? Kuma kashin tattabaru da muka sa wa don ta yi laushi, shi ma a duba muna shi."

Malamar Lab:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya gama mana duba aikin tun ba a fara ba. Abin da ya kira cin fuska shi ne babban haɗarin. Fata kusan duk kolajin ce, wato furotin ɗin da ke ba ta ƙarfi. Ana son enzayim da zai ci furotin ɗin da ke riƙe saiwar gashi ya ƙyale kolajin, kuma faɗin zobe a farantin madara ba zai gaya maka wannan ba. Mai babban zobe ma yana iya zama shi ne mai ɓarna. Don haka duka ukun ko huɗun ka kai su kan fata.

Ka tsaga fata ɗaya ta bin gadon baya, rabi a toka yadda aka saba, rabi a enzayim, don kada a ce bambancin daga akuyar ne. Ka shafa ta ɓangaren nama, ka ninke, ka riƙa gwada gashin da babban yatsa duk bayan awa biyu, ka rubuta lokacin da ya fara saki, ka wanke nan take. Rabi na uku daga wata fatar ka shafa masa ruwan tatar da ka tafasa, domin a ga ko ruɓar bazarar da Baba ya ambata ce ke aikin. Sannan a jeme su duka a bagaruwa ɗaya. Gwajin ƙarfin ja da yagewa, cibiyar binciken fata ta NILEST da ke Samaru a Zariya aikinta ke nan. Amma ka fara kai wa Baba, kada ka gaya masa wanne ne wanne.

Maganar kumburi gaskiya ce, enzayim ba ya kumbura fata yadda toka ke yi. Mai yiwuwa a ƙarshe ka ga rage tokar za a yi, ba barin ta ba, kuma wannan ma sakamako ne mai kyau. Kashin tattabaru kuwa, bakteriyar cikinsa ce ke fitar da enzayim ɗin da ke sa laushin. Turawa ma da kashin kare da na tsuntsaye suke yi, sai a 1907 Otto Röhm a Jamus ya maye gurbinsa da enzayim daga fankiriyas, wata gaɓa a cikin dabbobi mai fitar da ruwan narkar da abinci, aka sayar da shi da sunan Oropon. Ka gwada ruwan tatarka a wannan matakin ma, wataƙila nan zai fi karɓuwa wajen majema, don babu mai son wannan aikin.

Ɗan Majema:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bar maganar ƙasar rami, kuma zan samu malamina a kan kuromiyom. Hajiya, saura abu biyu. Yaya zan ajiye irin bakteriyar tunda firiza ba ta riƙe sanyi? Kuma ina tunanin shanya ruwan tatar ya zama gari don ya yi sauƙin kai wa majema.

Malamar Lab:

Ajiya ba matsala, Bacillus ne. Ka bar shi ya tsufa a kan agar har ya yi sulke, ka zuba a yashin da ka tafasa a tukunyar furesha ka busar, ka toshe kwalbar. Zai daɗe a ajiye a ɗaki ba firiji. Ka yi kwalba uku, ɗaya a wajen malaminka.

Garin kuwa a'a, ba yanzu ba. Ƙurar furotiyes tana jawo asma. A ƙarshen shekarun 1960 ma'aikatan masana'antun omo a Ingila sun kamu da ita, dole aka koma naɗe enzayim ɗin cikin ƙananan ƙwayoyi masu rufi. Ka bar shi a ruwa, ka yi amfani da shi a ranar ko washegari, da safar hannu. In kana son sanin kwana nawa yake kaiwa, ka sa kwalba ɗaya a cikin randa, ɗaya a ɗaki, ka riƙa auna ƙarfinsu kullum. Kuma ka fara da dusar tun cikin hunturun nan, don in Afrilu ya shigo ɗakin da kansa zai haura digiri 40, tire ɗin zai riƙa bushe maka kafin kwana biyu.