Albasar da ke gefen turare ba ta tashi: mu haɗa abin da muka sani

Mai lambun albasa, Aliero:
Assalamu alaikum. Abin da muke gani a lambunan da aka kewaye da bishiyar turare shi ne, fangalin renon albasa da ke kusa da layin bishiyar ba ya fita daidai da sauran. Iri ɗaya, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya, amma tsiron jefi-jefi ne, wanda ya fito kuma siriri, saiwarsa guntuwa, bakinta ya yi ruwan ƙasa. An fi ganin haka inda busasshen ganye ya taru. Wasu sun ce inuwa ce, wasu sun ce ganyen ne ke da guba. Don Allah wanda ya san lamarin ya yi mana bayani.

Malamin gona, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Duka biyun suna faruwa, har da na uku, wato saiwar bishiyar da ke shanye laima da taki. Sai an raba su kafin a san maganin.

Turare ɗan asalin Ostiraliya ne. Ƙamshin da ake ji idan aka murza ganyensa mai ne, kuma babban sinadarin cikinsa shi ne siniyol. Akwai kuma wasu sinadarai masu narkewa a ruwa, waɗanda ruwan sama ko na ban ruwa ke wankowa daga ganyen da ya zuba su shiga ƙasa. Saiwar tsiro suke fara taɓawa: ba ta miƙewa, gashinta ba ya fita, shuka ta kasa shan ruwa ko da fangalin a jiƙe yake. Ƙananan iri irin su albasa, tumatir, latas da alayyahu sun fi jin jiki, don abincin da ke cikin ƙwayarsu kaɗan ne. Masara da wake sukan jure.

Ga gwajin da za a yi a gida. A sami busasshen ganye gram 100, a murmushe, a jiƙa a ruwa lita ɗaya kwana guda, a tace. A ɗebi kashi ɗaya na ruwan a sirka da ruwa kashi huɗu. A shimfiɗa tsumma mai tsabta a faranti uku, kowanne a jera ƙwayar albasa 20. Na farko ruwa zalla, na biyu sirkakken, na uku jiƙon asali. A rufe, a ajiye a inuwa, kada tsumman ya bushe. Bayan kwana bakwai zuwa goma a ƙirga waɗanda suka tsira, a gwada tsawon saiwa. Farantin tsakiya shi ne abin dubawa. Jiƙo mai kauri na kusan kowane ganye yana hana tsiro, don haka na ukun shi kaɗai ba hujja ba ne.

Ma'aikacin gandun daji, Kangiwa:
Malam ya yi daidai, amma irin ƙasa ma na da nata. A nan ƙaramar hukumar Arewa, jigawa ce, kuma geron da ke gefen layukan kare iska ƙishirwa ta fi kashe shi. Alamarta: ya tsira lafiya, ya yi kyau muddin ana samun ruwa, da an yi fashin kwana goma shi ne farkon yin yaushi. Wanda sinadari ya taɓa tun daga tsiro ake gane shi. Binciken da aka yi a Kalifoniya ta Amurka a 1970 kan irin turaren nan da muka fi shukawa ya nuna cewa laka na riƙe sinadaran, yashi kuwa ba ya riƙewa. Shi ya sa masu fadama suka fi mu kuka da ganyen.

Maganin saiwa rami ne. A auna mita biyu zuwa uku daga gindi, a haƙa dogon rami bin layin bishiyoyin, zurfinsa ya haura rabin mita, a datse duk saiwar da aka tarar da gatari. A jingina leda mai kauri a bangon da ke ɓangaren gona sannan a cike. Inda ake kuskure shi ne a cike ramin da ƙasa mai taki ba leda: saiwar da aka yanke sai ta yi 'ya'ya ta dawo fiye da da. Ko da leda, a riƙa buɗewa ana dubawa bayan shekara biyu.

Mai renon dashe, Argungu:
Ni kan ganyen zan yi magana, don shara ce da ake kwasowa daga ƙarƙashin dogon yaro da mangwaro da turare a zuba wa fangali da sunan taki. Ɗanyen ganyen nan bai dace da wurin reno ba. A tara shi daban a rami: ganye kamu ɗaya, kashin shanu ko na awaki rabin kamu, a yayyafa ruwa, a sake jerawa. A juya duk mako biyu, kada ya bushe kuma kada ya jiƙe sharkaf. Na dogon yaro yakan nuna cikin wata uku. Na turare da na mangwaro masu tauri ne, sun fi haka daɗewa. Idan har hanci na jin ƙamshin turare a cikin tarin, bai ruɓe ba. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye su ne ke karya sinadaran, shi ya sa da rani, ƙasa a bushe, ganyen ke ajiye ƙarfinsa har sai ruwan farko ya sake shi, daidai lokacin shuka.

Kafin a yi amfani da takin, a cika gwangwani biyu, ɗaya da shi gauraye da ƙasa, ɗaya ƙasa zalla, a shuka alayyahu. Mako guda ya isa a gani.

Dogon yaro kuwa kada a ƙi shi gaba ɗaya. Tumatir ko barkono da aka dasa har ya kama, ana iya shimfiɗa masa ganyen a sama, nesa da gindi da faɗin tafin hannu, ya riƙe laima ya rage ciyawa. Garin katako daban ne: shuka na yin rawaya ne saboda ruɓewarsa na cinye takin da ke ƙasa, kuma ɗan yuriya na gyara shi.

Manomiya, Zuru:
Sannunku da ƙoƙari. Ina roƙo kada wannan magana ta sa a hau saran itatuwan gona. A wajenmu ɗorowa da kaɗanya su ne daddawa da man da mata ke ci da iyali. Gaskiya ne dawa ba ta cika kai a ƙarƙashin ɗorowa, amma inuwa ce mafi yawa: idan aka rage rassan ƙasa kafin damina, dawar na farfaɗowa, kuma gwaza da barkono suna yi a wurin. Tsamiya ce dai ƙarƙashinta ke zama fili fetal, ga inuwa mai duhu ga tsamin ganye, ba a wahalar da iri a can.

Malamin gona, Birnin Kebbi:
Haka ne, Hajiya. Gawo ma shaida ne: yana kaɗe ganye da damina, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobi na kwana a inuwarsa da rani, gero ya fi kyau a gindinsa. Ɓawon ɗorowa da ake makuba da shi da 'ya'yan bagaruwa na majema kuwa cike suke da sinadarin tanin, mai jinkirta ruɓewa, kada a yawaita su a ramin taki.

Alhaji, shawarata a bana: a ɗauke fangalin reno daga layin turaren, a ba shi tazarar da ta kai tsawon bishiyar ko fiye. A share ganyen kafin ban ruwan farko, kada kuma hanyar ruwa ta ratsa ta cikin tarin ganye. Gefen bishiyar a bar wa albasar da ta isa dashe, bayan an haƙa ramin da ɗan'uwanmu na Kangiwa ya kwatanta.