Harafi ɗaya, suna uku: yarinyata ta rikice

Uwa daga Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum. 'Yata shekararta 5. A nazare ana ce mata "si", ni a gida na ce "ca" kamar ciki, a Islamiyya kuma tana fama da ث. Jiya na nuna mata C, ta yi shiru tana kallona. In ɗauko malamin lesin mai foniks ne (koyar da karatu ta sautin haruffa), ko in ci gaba da ba, bi, bu da kaina? Wanda na samu ya ce 15,000 a wata.

Tsohon malamin firamare: Wa'alaikumus salam. Hajiya, sauti ake fara koyarwa, ba sunan harafi ba. Ki ce "mmm" kawai, kar ki ce "em", kar ki ƙara masa wasali. Ki fara da Hausa, don yadda ake rubutawa kusan haka ake faɗa. In ta bambance b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, kunnenta ya buɗe.

Maman 'yan biyu: Ki fara mata da Ƙur'ani, boko zai zo da kansa.

Uwar marayu: Ni kar a yi mini maganar lesin. Wata 8 ina biyan wani, har abincin rana nake zuba masa. Yaro ya haddace waƙar haruffa tsaf, ana tafawa. Ranar da kawunsa ya rubuta masa "bado" ya kasa haɗawa! Na yi magana, malamin ya ce yaron ne ba ya da kai. A gabansa ya faɗa. Har yau in ya ga littafi sai ya ce cikinsa na ciwo.

Maman 'yan biyu: Allah ya isa! 15,000 ma tsada ne, mu a Sabuwar Unguwa 5,000 muke ba.

Ɗan Ƙofar Marusa: 5,000 a wace shekara? Ko 20,000 ba ka samun na kirki yanzu.

Bakano a Katsina: Ku fara gyara F ɗinku tukuna. Yaro ya ga "fara" ya ce "hwara".

Ɗan Ƙofar Marusa: Kai je ka ce "pipul" sau uku mu ji.

Alaramma: Mu babbaƙu muka fara, sannan farfaru. Wannan foniks ɗin da kuke biya wa kuɗi, allo ya riga ku.

Uwar marayu: Malam, da girmanka, amma kai da malamin firamaren duk ba ku ke zama da yaran da dare ba.

Tsohon malamin firamare: Shekara 30 na yi a aji, baiwar Allah.

Maman 'yan biyu: Ni abin da ke ci mini rai littattafan ne. Kowane zango sabo, a ciki ake rubutu, ƙani ba ya gadon na wa. Kuma dole a makarantar za ka saya.

Uwa daga Ƙofar Ƙaura: Mu ma haka, har da na zane. To lesin ɗin fa?