CT bai nuna komai ba, amma likita ya rubuta mana MRI

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 6, wanda yake da sikila, ya tashi da safe bakinsa a karkace, har kofin koko ya suɓuce daga hannunsa na dama. An ɗauki hoton kansa da na'urar CT aka ce ba a ga komai ba, amma likita ya dage cewa shanyewar ɓarin jiki ce, ya sa aka yi masa ƙarin jini a ranar, sannan ya rubuta mana wani hoton kai da ake kira MRI. Tunda hoton farko ya fito lafiya, mene ne amfanin na biyu, ga shi kuma da tsada?

Mai Ɗaukar Hoto:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. CT yana da sauri, kuma idan jijiya ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, nan take yake nunawa. Amma a yara masu sikila toshewar jijiya ta fi yawa, ita kuwa sau tari ba ta fitowa a CT cikin sa'o'in farko, alhali MRI yana iya nuna wurin da jini ya yanke tun da wuri, har ma da tsofaffin tabo da suka faru ba tare da wata alama ba. Wahalarsa dai ita ce sai yaro ya kwanta cak kusan rabin sa'a cikin na'ura mai ƙara, shi ya sa ake ba wasu maganin barci.

Malamar Jinya:
A ganina likitanku ya yi daidai da bai jira hoton MRI ba kafin ƙarin jini. Idan ɗayan yaron ma yana da sikila, ki nemi gwajin TCD, wanda ake ɗora wata 'yar na'ura a gefen kai a auna gudun jini, ba allura ba zafi. Ana yin sa duk shekara daga shekara 2 zuwa 16, kuma idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya yi yawa. An yi bincike a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kan ba irin waɗannan yara maganin hydroxyurea don rage wannan haɗarin.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Ƙanwarsa ma tana da sikila, gobe in sha Allahu zan tambayi likita batun gwajin nata.