Abin da aka ce kan sake dasa itatuwan mangurof a gaɓar teku

1. Kusan kowa ya yarda cewa saiwoyin mangurof, wato itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku, suna riƙe laka, suna kuma karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai gidaje. An tuna tsunamin 2004, wato ambaliyar teku da girgizar ƙasa ta haddasa, lokacin da wasu ƙauyukan da ke bayan dajin suka samu sauƙin ɓarna.

2. A cikin saiwoyin 'ya'yan kifi da ƙaguwa ke girma, abincin masunta ke nan.

3. A nan aka rabu. Wasu sun ce a yi ta dashe, wasu suka ce a fara buɗe wa ruwan teku hanya, itacen zai tsiro da kansa. Na biyun nake goyon baya, don dashe inda bai dace ba mutuwa yake yi.

4. Kafin a hana saran itatuwan, a samar wa mutane makamashin girki.