Homosistin ɗin Baba ya hau, shi ne ya kumbura masa jijiyar ciki?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min da bayani. Babanmu shekararsa 68, yana da hawan jini tuntuni, an tura shi sikanin saboda matsalar fitsari sai mai hoton ya ce ya ga babbar jijiyar jinin da ta ratsa cikinsa ta kumbura, wai faɗinta santimita 4.2. Bayan nan aka yi masa gwajin jini kala-kala, a ciki akwai wani wai shi homosistin ya nuna 21, an ja masa layi da jan biro. To yanzu ƙanin Baba ya turo wata murya a WhatsApp ɗin gida wai wannan homosistin ɗin shi ne ke cin jijiya, in aka samu bitamin B aka yi ta sha kumburin zai sace ba sai an koma asibiti ba, su Hajiya har sun aika Sabon Gari an siyo kwalba biyu. Ni dai hankalina bai kwanta ba wlh. Da gaske shi ne sanadin? Kuma in ya sauka jijiyar za ta koma daidai?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Ni ban san kan abin ba amma don Allah kar ku daina zuwa asibiti saboda muryar WhatsApp, mu ma dangi sun sha yi mana irin wannan.

Likitan Gyaɗi-Gyaɗi:
Ɗan'uwa sannu, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Maganar kawunku akwai ƙamshin gaskiya a farkonta, ƙarshenta ne bai tsaya ba.

Homosistin wani sinadari ne da jiki ke samarwa da kansa in yana sarrafa furotin ɗin da muka ci, kuma bitamin B12 da folik asid da B6 su ne ke taimakawa a juya shi ya zama wani abin, in sun yi ƙaranci sai ya taru a jini. Yawanci daga 5 zuwa 15 ake ɗauka daidai, to 21 ya hau amma ba hawan tashin hankali ba ne. Tun 1969 wani likita a Amurka, Kilmer McCully, ya kawo ra'ayin cewa yawansa na lalata jijiyoyin jini, kuma bincike da dama sun ga masu irin kumburin Baba sukan fi sauran mutane yawan homosistin. A ɗakin gwaji ma an ga yana iya zuga wasu sinadarai masu cinye zaren da ke ba bangon jijiya ƙarfi da talewa. Har nan babu gardama.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ganin abu biyu tare ba shi ke nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Tsufa na ɗaga homosistin, shan taba na ɗaga shi, raunin ƙoda na ɗaga shi, kuma mai kumburin jijiyar nan galibi dattijo ne da ya sha taba kuma jijiyoyinsa da ƙodarsa sun ji jiki, kaga ke nan dole a riƙa ganinsu a jikin mutum ɗaya. Sannan an gwada abin da kawunku ke faɗa a kan ciwon zuciya, manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2006, HOPE-2 da NORVIT, an ba dubban mutane bitamin B, homosistin ya sauka sosai amma yawan waɗanda ciwon zuciyar ya buge bai ragu ba. Balle jijiyar da ta riga ta buɗe, babu wata ƙwaya da aka tabbatar tana mayar da ita yadda take. Asalin faɗinta wajen santimita 2 ne, daga 3 ake kiranta kumburarriya, kuma in ta kai 5.5 a namiji a nan ake zancen tiyata, ko a buɗe ciki a sa mata roba ko a zura robar ta jijiyar matsematsi. Na Baba bai kai can ba, abin da ake yi a matakinsa shi ne sikanin akai-akai, yawanci duk shekara, in ta haura 4.5 sai a matso da shi kusa-kusa.

Tambaya ɗaya, Baba yana shan sigari ko ya taɓa sha?

Ɗan Fagge:
Na gode Dakta, Allah ya saka. Eh to, gaskiya ya sha da daɗewa tun yana tuƙin mota Kano zuwa Legas, yanzu ya ce ya bari amma Hajiya na tsintar kwali a aljihun babbar riga wani lokacin, ba mai iya yi masa magana.

Likitan Gyaɗi-Gyaɗi:
To wannan kwalin ya fi 21 ɗin nan damuna nesa ba kusa ba. Taba ce kan gaba a abubuwan da ke kawo wannan kumburi kuma ita ke sa ya yi saurin girma, shi ya sa a Amurka ake ba maza 'yan 65 zuwa 75 da suka taɓa shan taba shawarar su yi sikanin sau ɗaya ko ba sa jin komai, a Ingila kuma duk namijin da ya kai 65 ake gayyatarsa. In ku 'ya'ya ba za ku iya ba ku samu amininsa ko likitan da ke ganinsa ya faɗa masa ƙarara. Sai maganin hawan jini kullum ba sai ya ji kansa na sarawa ba. Shi ma kawun mai tura murya in ya manyanta ya je a duba shi, abin yana bin dangi musamman 'yan'uwa maza.

Kuma ku riƙe wannan, in ya ji ciwon ciki ko na baya mai tsanani farat ɗaya, ko jiri da gumi ko ya yanke jiki ya faɗi, ba batun jiƙo ko kemis, kai tsaye sashen gaggawa na babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano, ku ce musu yana da kumburin babbar jijiya tun daga bakin ƙofa. In ta fashe mafi yawa ba sa kai labari, ita ce ta yi ajalin Albert Einstein a 1955.

Anti Nas:
Dakta ya gama magana, ni kan kwalaben nan biyu zan ɗan ƙara. Kar a yi ta ɗura masa folik asid ba a auna B12 ɗinsa ba, don folik asid na iya gyara ƙarancin jini ya rufe ƙarancin B12 alhali jijiyoyin da ke sa a ji taɓi a ƙafa na ci gaba da lalacewa, sai ka ji tsoho na cewa tafin ƙafarsa kamar yana taka auduga. Ku nemi a duba B12 da ƙoda, in yana shan metformin na suga ku faɗa, shi ma yana rage B12 in an daɗe ana sha. Abinci kuwa ba sai an wahala ba, alayyahu, wake, gyaɗa duk akwai folet, wato folik asid ɗin da ke cikin abinci, hanta da kifi da ƙwai da nono akwai B12, sai dai ganyen kar a dafa shi ya yi lugub kamar yadda muke yi a miya.

Ɗan Fagge:
Anti na gode, ba ya da suga alhamdulillah. Kwalaben zan karɓe su in tafi da su ranar ganin likita ya duba. Maganar sigarin kuma akwai wani Alhaji abokinsa da suke zama bayan la'asar a ƙofar gida, shi kaɗai yake jin maganarsa, gobe in Allah ya kai mu zan same shi.

Maman Ilham:
Ka fara tabbatarwa shi Alhajin ba ya sha tukun.